Yadda za ka nuna wa ɗalibai tafiyar man fetur a cikin gorar ruwa

Duk shekara sai na samu ɗalibin da ya yi imani cewa akwai tafkin fetur a ƙarƙashin Kolmani, inda aka gano mai a iyakar Bauchi da Gombe, guga kawai za a zura. Zane a allo bai taɓa raba shi da wannan tunani ba, sai da na fara zuwa aji da gora.

Ka samu babbar gorar roba wadda ake ganin cikinta, ka yanke wuyanta. Ka tanadi tsakuwa wankakkiya, ruwa, manja, sirinji da siririn tiyo irin na ƙarin ruwa, da ɗan kofin auna maganin tari. Kar ka yi da yashi mai laushi. Da shi na fara, man ya maƙale a ƙasa ya ƙi motsi, yara suka yi ta dariya. Manjan kuma ka ɗan ɗumama shi, don da hunturu daskarewa yake.

Kafin ka taɓa gorar, ka fara da mai ƙuli-ƙuli. Kowane yaro ya ga yadda take murza markaɗen gyaɗa tana ɗiga ruwan zafi, har mai ya fito ya bar tunkuza. Dutsen da ke haifar da fetur ma sai da zafi da matsi yake sakin nasa. Asalinsa baƙar laka ce da ta kwanta a ƙasan teku ko tafki inda iska ba ta isa, cike da matattun ƙananan halittun ruwa da ba su samu ruɓewa ba. Wata laka ta hau kanta, wata ta hau wannan, shekaru miliyoyi. Duk kilomita ɗaya da ta nutsa, zafi na ƙaruwa da kusan digiri 25 zuwa 30. Ragowar halittun ya daskare ya zama abin da masana ke kira kerojin. Daga wajen digiri 60 zuwa 120 yakan nuna ya zubar da mai, in ya haura 150 kuwa gas ya fi yawa. A nan nakan tsaya in gaya musu cewa teku ta taɓa rufe kwarin Gongola kimanin shekara miliyan 90 da suka wuce, ta bar baƙar lakar da ake kira da sunan garin Fika. Ba sa yarda sai na maimaita.

Yanzu ka zura tiyon har gindin gorar, ka zuba tsakuwa zuwa rabi. Kifa kofin a kanta, jikin bango inda za a gani, bakin tiyon na ƙarƙashinsa, ka danne shi da sauran tsakuwar. Cika da ruwa, ka ɗan karkata gorar don rabin iskar kofin ta fice. Sai ka tura manjan sannu a hankali.

Ka yi shiru su kalla. Jajayen ɗigo za su riƙa lallaɓawa sama ta tsakanin tsakuwa, domin mai ya fi ruwa rashin nauyi. Wanda ya faɗa ƙarƙashin kofin ya kamu: iska a sama, mai a tsakiya, ruwa a ƙasa, daidai yadda gas da ɗanyen mai da ruwan gishiri ke jeruwa a rijiyar gaske. Tsakuwar ita ce dutsen yashi mai ƙofofi, irin wanda ake kira Bima a kwarin Gongola. Kofin shi ne lanƙwasasshiyar shimfiɗar yumɓu da ba ta yoyo. A Neja Delta, shimfiɗar lakar da ake kira Akata ce ke haifar da yawancin man, yashin da ke samanta, wanda ake kira Agbada, ya riƙe shi.

Mafi yawan manjan zai kauce wa kofin ya taso kan ruwa. Kar ka kwashe shi. Nuna musu, ka ce haka ya faru a Agbabu ta jihar Ondo, inda man ya rasa murfi, mai sauƙin cikinsa ya tafi, ya bar baƙar kwalta tana tsattsafowa daga ƙasa.