Kafin ku kai yara bakin teku, ku duba waya

'Yan uwa na Nima da Mamobi, masu shirin zuwa Labadi da Sallah, ga wata 'yar dabara.

Tun a gida ka buɗe Google, ka nemi jadawalin cika da janyewar teku na Accra. Kyauta ne. Ka ɗauki hotonsa a waya, don idan jama'a sun yi yawa a bakin ruwa intanet ɗaukewa yake yi.

Sai ka auna isarka da lokacin da ruwa ke janyewa. Yashi ya buɗe, ka samu wurin shimfiɗa tabarma, yara su tsinci kwanson kifi.

Teku na cika sau 2 a rana, tsakaninsu kusan awa 12 da minti 25. Kullum kuma lokacin yana ƙara jinkiri da kamar minti 50, saboda wata ne ke jan ruwan. Shi ya sa jadawalin jiya ba ya yi maka aiki yau. Cikar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da tsakiyarsa, ƙaramar Sallah kuwa a tsayuwar wata take faɗowa.

Bara mun je da ka, ruwa ya tarar da mu zaune, ya tafi da takalmin Hajiya ƙafa ɗaya. Har yau ana yi mini gori.

Amma fa jadawalin bai san iska ba. Da damina igiyar ruwa na haukacewa ko a lokacin janyewa. Idan masunta suka ce kar a shiga, ka ji tasu, ka mayar da wayar aljihu.