Yadda ake haɗa babban faifan ajiya da tsohuwar kwamfuta ba tare da asarar bayanai ba

Tsohuwar kwamfuta mai aiki da Windows 98, Windows 2000 ko XP takan daɗe ana morarta, musamman idan tana tafiyar da wata na'ura ko wata manhaja da ba ta tashi a kan sababbin kwamfutoci. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi saurin mutuwa a cikinta shi ne faifan ajiya, wanda masu gyara ke kira had disk, kuma idan ya mutu da wuya a samu sabo ƙarami irinsa, sai dai manya masu ɗaukar ɗaruruwan gigabayit ko ma terabayit. Kafin a yarda da irin wannan faifai, akwai abubuwa uku da dole su iya ƙirga shi har ƙarshe: BIOS na kwamfutar (ƙaramar manhajar da ke zaune a babban allonta, mai tayar da ita), direba (manhajar da babbar manhaja, wato Windows, ke magana da faifai da ita), da kuma tsarin da aka raba faifan a kai. Kowannensu yana da iyakarsa, kuma wanda iyakarsa ta fi ƙanƙanta shi ne mai yanke hukunci.

A fara da BIOS, domin shi ne ke fara ganin faifai idan aka kunna kwamfuta. A shiga shafinsa, a bar shi ya gano faifan da kansa, sannan a kwatanta girman da ya nuna da wanda aka rubuta a jikin faifan. Adadin da ya tsaya a kai yakan fallasa shekarunsa. Kwamfutocin da aka ƙera kafin wajen 1994 sukan tsaya a 528 MB, saboda suna ƙirga wuraren ajiya a faifai da silinda 1024, kai 16 da sekta 63, kowace sekta (ƙaramin yankin ajiya a faifai) bayit 512. Da yawa daga cikin na tsakiyar shekarun 1990 sukan tsaya a 8.4 GB. Wasu nau'o'in BIOS na kamfanin Award da suka zo a ƙarshen waɗannan shekaru kuwa sukan daskare gaba ɗaya idan aka haɗa musu faifan da ya wuce kimanin 32 GB, har mutum ya zaci sabon faifan ne ya lalace. Kada a ruɗe da ɗan bambancin da ke tsakanin lissafin masu ƙera faifai da na Windows: faifan terabayit 1 yakan fito a matsayin 931 GB, kuma wannan ba matsala ba ce.

Idan BIOS ya gaza, abu na farko shi ne a nemi sabon zubinsa daga kamfanin da ya ƙera babban allon kwamfutar, a kuma tabbatar wuta ba za ta ɗauke ba yayin sa shi, domin yankewa a tsakiya kan kashe allon. Idan babu sabon zubi, faifan IDE (tsohon nau'i mai faffaɗan kebul) da yawa suna da ɗan mahaɗin roba a baya wanda ke sa faifan ya bayyana kansa a matsayin 32 GB kawai. An yi asarar sauran sarari, amma kwamfuta za ta tashi. Akwai kuma manhajoji irin su Ontrack Disk Manager da EZ-Drive, waɗanda ke zama a farkon faifai su maye gurbin lissafin BIOS tun kafin Windows ya tashi. Suna aiki, amma ban cika son su ba, domin duk ranar da aka tayar da kwamfutar daga fulofi ko faifan CD kafin manhajar ta ɗora kanta, ko aka kai faifan wata kwamfuta, rabe-rabensa na iya bayyana a hargitse, kuma kowane yunƙurin gyara a wannan hali ƙara ɓarna ne. Hanyar da ta fi tsafta ita ce a sa katin PCI (kati da ake soka wa babban allo) mai BIOS nasa na kansa, irin Promise Ultra133 TX2 domin faifan IDE, ko kati mai guntun Silicon Image SiI3112 domin faifan SATA, nau'in da ya gaji IDE. Katin ne ke ƙirga faifan, don haka iyakar tsohon allon ba ta shafe shi.

Iyakar da ta fi kowace haɗari ita ce ta 137 GB, kuma a nan ya kamata a nutsu. Tsohon tsarin ATA, wato ƙa'idar da faifan IDE ke bi, yana amfani da bit 28 wajen ba kowace sekta lambarta, abin da ke ba da sekta 268,435,456, wato kimanin 137 GB, ko 128 GB a lissafin Windows. Tsarin ATA-6 ne ya faɗaɗa lambar zuwa bit 48. Sauran iyakokin sukan bayyana a fili, faifai ya ƙi fitowa ko ya fito ƙasa da girmansa, amma wannan takan ɓuya. Ana iya raba faifan 250 GB a wata sabuwar kwamfuta, a kawo shi tsohuwa, ya fito da cikakken girmansa, a yi watanni ana aiki lami lafiya. Ranar da bayanai suka tsallake sekta ta ƙarshe da direban bit 28 ya sani, lissafin na iya juyawa ya koma sifili kamar mitar tafiyar mota da ta cika, sai a rubuta sabon fayil a kan farkon faifai, inda jadawalin rabo da fayilolin tashi suke zaune. Babu gargaɗin da ke fitowa. Sai an sake kunna kwamfuta a tarar ba ta san faifan ba.

Saboda haka a tabbatar da matsayin babbar manhaja tun kafin a haɗa faifan. Windows XP na asali bai kunna lissafin bit 48 ba, sai daga Service Pack 1 (tarin gyare-gyaren da Microsoft ya fitar) na 2002 zuwa sama. Windows 2000 yana buƙatar Service Pack 3 ko 4, kuma ko da an sa shi sai an buɗe rajista, wato ma'ajiyar saitunan Windows, an je HKEY_LOCAL_MACHINE\SYSTEM\CurrentControlSet\Services\Atapi\Parameters, an ƙirƙiri ƙimar DWORD mai suna EnableBigLba, an ba ta lamba 1, sannan an sake tayar da kwamfuta. Wani tarko da ake yawan mantawa da shi shi ne ranar sake zuba Windows: idan aka yi amfani da tsohon faifan CD na XP wanda babu Service Pack a cikinsa, kwamfutar ta koma lissafin bit 28 alhali faifan cike yake da bayanan da suka wuce iyaka. Ko dai a haɗa faifan CD da ya ƙunshi Service Pack tun farko, ko a cire babban faifan har sai an gama sabuntawa. A kowane hali, ya fi kyau ɓangaren da Windows ke tashi daga kai ya kasance ƙarami, a farkon faifai, cikin yankin da BIOS ke gani.

Windows 98 da ME ba su taɓa samun wannan gyara daga Microsoft ba, domin direbansu na IDE, ESDI_506.PDR, ya tsaya a bit 28. Ga waɗannan, shawarata ita ce a tsayar da dukan rabe-rabe ƙasa da 137 GB, a bar sauran faifan ba a raba ba, sai fa idan faifan yana kan kati mai direbansa da ya san bit 48. Ban da haka, FDISK, manhajar raba faifai ta Windows 98, yakan nuna girman da ba daidai ba ga faifan da ya wuce 64 GB, don haka gara a yi rabon da gyararren FDISK da Microsoft ya fitar, ko da wata manhajar rabo dabam.

Tsarin fayil, wato yadda ake tsara fayiloli a kowane ɓangare (FAT16, FAT32 ko NTFS), shi ma yana da nasa sharuɗɗan. FAT16 ba ya wuce 2 GB a kowane ɓangare a ƙarƙashin DOS da Windows 95 na farko. FAT32 ya fi yalwa, amma fayil guda ba ya kaiwa 4 GB, kuma Windows 2000 da XP ba sa yarda su yi fomatin ɓangaren FAT32 da ya wuce 32 GB, ko da yake suna karanta wanda aka yi a wani wuri. Wanda ke kan Windows 2000 ko XP ba shi da dalilin ƙin NTFS.

Daga 2.2 TB zuwa sama kuma jadawalin rabo ne ke cikawa. Tsohon tsarin jadawalin rabo, MBR, yana ƙirga sekta da bit 32, kuma da sekta mai bayit 512 nan ne ƙarshensa. Abin da ya gaje shi shi ne GPT, wanda XP mai bit 32 ba ya karantawa sam. XP mai bit 64, Vista da Windows 7 suna karɓarsa a matsayin faifan ajiye bayanai, amma tayar da kwamfuta daga irin wannan faifai sai da UEFI, magajin BIOS, da Windows mai bit 64. Wasu akwatunan USB na waje sun kauce wa wannan ta hanyar nuna wa kwamfuta sekta mai bayit 4096, shi ya sa faifan 3 TB ke aiki a XP ta USB. Idan aka ciro irin wannan faifai daga akwatinsa aka haɗa kai tsaye, zai fito kamar ba a taɓa raba shi ba, kuma amsa tayin fomati a lokacin share komai ne.

Faifan da aka ƙera daga wajen 2010 zuwa yau galibi sektocinsu na zahiri bayit 4096 ne, ko da suna nuna 512. XP yana fara ɓangaren farko a sekta ta 63, wadda ba ta dace da wannan jeri ba, sai rubutu ya yi nauyi ƙwarai. Maganin shi ne a raba faifan a Windows 7 ko da GParted, waɗanda ke farawa a sekta ta 2048, sannan a kawo shi a zuba XP a kan ɓangaren da aka riga aka yi. Idan faifan SATA ne a kan allon kwamfuta, a sa BIOS a yanayin IDE maimakon AHCI (sabon yanayin SATA da XP bai zo da direbansa ba), in ba haka ba a tanadi direba a fulofi a danna F6 lokacin zubi, domin rashin wannan ne ke kawo shuɗin allo mai lambar 0x0000007B. Faifan IDE kuwa yana son kebul mai waya 80 idan ana son gudun da ya wuce megabayit 33 a daƙiƙa.

Bayan an gama duk wannan, kada a zuba bayanai masu muhimmanci tukuna. A cika faifan da manyan fayilolin gwaji har ya kusa ƙarewa, a kan ita tsohuwar kwamfutar da za ta riƙa amfani da shi, a kashe ta a sake kunnawa, sannan a gudanar da manhajar duba faifai, CHKDSK ko ScanDisk, a kuma buɗe fayilolin da aka fara kwafewa da na ƙarshe a ga ko suna nan daidai. Manhaja irin H2testw tana yin wannan rubutu da tantancewa da kanta. A kan tsohon allo gwajin na iya cin yini guda ko fiye, kuma idan kuskure ya fito a daidai 137 GB ko 2.2 TB, a rage ɓangaren ya dawo ƙasa da wannan adadi, a sake gwajin daga farko.