Don Allah a daina ɗura wa wanda ya suma ruwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekaranjiya wajen Ƙofar Ƙaura wani ɗan acaɓa ya faɗi ya suma, kafin ka ce kwabo har an kawo ruwan leda ana neman ɗura masa a baki, wallahi abin ya tsaya min a rai. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ya iya haɗiya, ruwan zai gangara huhunsa ya shaƙe shi.

Da farko dai a duba ko yana numfashi, ka kai kunnenka kusa da hancinsa kana kallon ƙirjinsa, daƙiƙa 10 ta isa. Sau da yawa harshensa ne ke komawa baya ya toshe maƙogwaro, shi ne wannan munsharin da kake ji mutane na cewa ai barci yake, to ka dafa goshinsa ka ɗan tura kan baya, ka ɗaga haɓarsa da yatsu biyu. Amma fa in haɗari ne ana tsoron wuya ya taɓu, kar a lanƙwasa kan, a turo muƙamuƙinsa gaba kawai.

In yana numfashi a kwantar da shi ta gefe don amai ko jini ya zubo waje, ko a cikin Keke Napep haka za a riƙe shi har asibiti. In babu numfashi kuwa, wani ya kira lambar gaggawa ta 112, kai kuma ka dinga danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti.

Mai farfaɗiya ma iyayenmu mata a daina cusa masa cokali a baki.