Matakan Zaɓen Allon Kwamfuta Domin Gyaran Hotuna a Jidda

Duk mai gyaran hotunan biki ko zanen tallace-tallace a Jidda, kafin ya shiga shagon Jarir ko eXtra, ya kamata ya fara tantance inda aikinsa zai ƙare. Idan a waya da intanet za a kalli hotunan, allon da ke nuna kashi 99 cikin 100 na launukan sRGB, wato jerin launukan da aka saba amfani da su a intanet, ya wadatar. Idan kuwa maɗaba'a za a kai su, sai a nemi mai ɗaukar Adobe RGB, wani jerin launukan daban, domin ya fi sRGB yalwar kore.

Mataki na biyu shi ne zaɓen allon IPS maimakon na TN; waɗannan nau'o'i biyu ne na ƙirar fuskar allo. A cikin shagon, a buɗe hoton fuskar mutum baƙar fata, sannan a matsa gefe a kalle shi a kaikaice: a allon TN launin fatar zai dusashe ko ya sauya, na IPS kuwa zai riƙe shi kusan yadda yake. A ganina, wannan gwajin ya fi duk abin da aka rubuta a jikin kwali muhimmanci.

Na uku, allo mai inci 27 da ɗigon hoto (pixels) 2560×1440 ya isa, kodayake 4K, mai ɗigo fiye da haka, ya fi fito da ƙananan rubutu sarai. A tabbatar ma'aunin kuskuren launi, wato Delta E, bai kai 2 ba.

A karɓi rasit da takardar garanti. Bayan an kai allon gida, a ajiye shi nesa da taga saboda ƙarfin hasken ranar ƙasar nan, sannan a daidaita shi da na'urar auna launi a kan 6500K, wato ma'aunin launin farinsa, haskensa kuma kimanin 120 cd/m².