Yadda za ku haɗa zaman sulhu tsakanin Musulmi da Kirista

Jama'a wannan abu yana raina tun rikicin 2000 da ya raba mana Kaduna biyu, Musulmi suka tattara zuwa Tudun Wada da Rigasa, Kirista suka koma su Sabon Tasha da Television.

Bayan kisan ƙare dangi na Ruwanda a 1994, 'yan Quaker, wata ɗariƙar Kirista ce da aka sani da ƙin yaƙi, sun riƙa haɗa 'yan ƙabilun Hutu da Tutsi, waɗanda rikicin ya auku a tsakaninsu, zaman kwana uku a ɗaki ɗaya. Mu ma za mu iya.

Kar a tara taro, mutum 20 sun isa, goma daga kowane ɓangare, kuma don Allah a saka mata da matasa, su ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Wurin ma kar ya zama masallaci ko coci, a nemi ajin makaranta a jera kujeru a zagaye, ba babban tebur ba manyan baƙi.

A fara da yin shiru na ɗan lokaci kamar yadda 'yan Quaker suka saba, kowa ya yi addu'arsa a zuci. Sai a ba kowa dama ya faɗi abin da ya rasa, ba wanda zai katse shi ko ya ce ai mu ma an yi mana, in uwa ta fashe da kuka a miƙa mata ruwa a bar ta ta gama, kar wani ya ce mata ta yafe tun ranar farko.

In kuna neman mai jagoranci ku tuntuɓi cibiyar da Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye suka kafa a nan Kaduna, wannan ne aikinsu. Lokacin sallah a tashi, abinci kuma a ci a faranti ɗaya.