Mai son salon Klopp a Football Manager (wasan kwamfuta na horar da ƙungiyar ƙwallo), ga shawara

Ɗan uwa, in salon Liverpool da ta ci Firimiya a 2020 a ƙarƙashin koci Klopp kake so, ɗora Gegenpress, wato tsarin matsa wa abokan hamayya nan take da zarar ƙwallo ta kuɓuce muku, tun kafin a fara kaka. Ka shirya wasannin sada zumunci da yawa.

Wasan yana auna yadda yaranka suka saba da tsari. In ka canza a tsakiyar kaka, sai ka ga 'yan baya sun haura sama, an bar gola shi kaɗai.

Amma duba juriyarsu tukuna. Ƙaramar ƙungiya mai ƙarancin 'yan benci ba za ta iya ba, kafin Disamba rauni ya cinye ta. Nan sai ka rage matsi.

Mu na Kaduna kuma, a riƙa adana wasa kafin a ɗauke wuta.