Idan Aka Ce Za A Tura Ɗan'uwanka Wani Asibiti Bayan Haɗari

Ina aikin jinya a ɗakin gaggawa na wani ƙaramin asibiti a Amurka, kuma tambayar da na fi sha daga dangi ita ce: "Don me za ku ɗauke shi? Nan ba asibiti ba ne?" Asibiti ne, amma kowane da iyakar ƙarfinsa.

A ƙasar nan an kasa asibitocin da ke kula da waɗanda suka ji rauni mataki-mataki. Jiha ce ke ba da matakin, ƙungiyar likitocin tiyata ta Amurka kuma ta zo ta tantance. A mataki na 1 da na 2, wajibi ne likitan tiyata ya iso kan wanda ya yi mummunan rauni cikin minti 15, ko da ƙarfe 2 na dare ne, ga likitan tiyatar ƙwaƙwalwa, ga na ƙashi, ga jini a ajiye. Na 3 an ba shi minti 30. Mu 'yan mataki na 4 aikinmu mu tsayar da jini, mu gyara numfashi, mu miƙa gaba. Wani babban bincike na 2006 ya nuna haɗarin mutuwa cikin shekara guda ya ragu da kashi 25 cikin 100 ga waɗanda aka kula da su a mataki na 1, idan aka gwada da asibitocin da ba su da mataki.

To da farko ka tambayi likita matakin inda za a kai shi, da raunin da ya sa. In an ce na 2 ne, kada ka tada jijiyar wuya. A ganina na 2 da ke kusa ya fi na 1 da sai an kwashe awa biyu a hanya.

Sai ka faɗi lokacin da haɗarin ya faru, daidai gwargwado. Akwai maganin rage zubar jini da amfaninsa ke cikin awa 3 na farko.

Sannan magungunan da yake sha, musamman na tsinka jini. Ba na manta wani dattijo da ya faɗo daga tsani. Ya zo yana raha, ɗan kumburi ne kawai a bayan kunne, har yana tsokanata wai hannuna sanyi. Sai can 'yarsa ta zaro kwalbar maganin tsinka jini daga jaka. Kafin motar asibiti ta iso ya fara maimaita tambaya ɗaya, ƙwayar idonsa ta hagu ta buɗe. Jini ne ke taruwa a ƙoƙon kansa, mu kuwa ba mu da mai buɗe shi.

Kada ka matsa a ƙara ɗaukar hoto kafin tafiya. Hoton da ba zai sauya abin da za mu yi a nan ba, cin lokaci ne. Wanda aka riga aka ɗauka dai ka tabbatar ya bi shi tare da takardu. Ruwa ma kada a ba shi, ko ya roƙa, don wataƙila tiyata ke jiransa.

Batun kuɗi fa? Dokar tarayya ta 1986 ta hana asibitin da ke da ƙwararru da gurbi ya ƙi karɓar irin wannan majinyaci don ba shi da inshora. Ka karɓi sunan asibitin da lambar ɗakin gaggawarsu, mutum ɗaya ya bi bayansu da katin shaidar majinyacin, wayarsa a kunne.